Wasan ƙarshe na 1983 a Albuquerque: Shan kayen da ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar ƙwallon kwando a Amurka

A daren Litinin, 4 ga Afrilun 1983, lokacin da yawancin mutanen Najeriya ke barci, wani matashi ɗan Legas mai shekara 20 ya kwanta a ƙasan filin wasa a birnin Albuquerque da ke jihar New Mexico ta Amurka, cikin baƙin ciki. Ƙungiyarsa ta Jami'ar Houston ta sha kaye da maki 54 da 52 a hannun Jami'ar Jihar Carolina ta Arewa, wadda aka fi sani da NC State, a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka.

Matashin shi ne Hakeem Olajuwon, wanda a wancan lokacin ake rubuta sunansa Akeem. Duk da kofin ya kuɓuce masa, shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasan zagayen ƙarshe na gasar. Tun daga wannan shekara har yau ba a sake bai wa ɗan ƙungiyar da ba ta ci kofi ba wannan lambar yabo.

A Amurka ana tuna wasan ne a matsayin ɗaya daga cikin manyan abubuwan ba-zata a tarihin wasanni. A Najeriya kuwa yana da wata ma'ana dabam, domin hanyar da ta kai Olajuwon Albuquerque ta faro ne daga Sakkwato, a wani taron wasanni na makarantun horar da malamai. Wannan ɓangare na labarin ya shafi duk wani gari mai tarin makarantu, kamar Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Kaduna.

Wace irin gasa ce?

Hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta fara shirya gasar a 1939. Ana yin ta a watan Maris zuwa farkon Afrilu, kuma tsarinta na sili-ɗaya-ƙwale ne: ƙungiyar da aka doke sau ɗaya ta tattara kayanta ta koma gida. A 1983 ƙungiyoyi 52 ne suka shiga, daga 2011 kuma aka mai da su 68. Ƙungiyoyi huɗun da suka rage su ne ke haɗuwa a gari ɗaya, a yi wasan kusa da na ƙarshe ranar Asabar, a yi na ƙarshe ranar Litinin.

'Yan wasan duka ɗalibai ne. A wancan zamanin ba a biyan su albashi, abin da jami'a ke ba su shi ne gurbin karatu kyauta da masauki da abinci. Amma daga cikinsu ne ƙungiyoyin ƙwararru na NBA ke zaɓen sababbin 'yan wasa kowace shekara, don haka idon ƙasar baki ɗaya na kan gasar.

Daga Sakkwato zuwa Houston

An haifi Olajuwon a Legas ranar 21 ga Janairun 1963, iyayensa kuma 'yan kasuwar siminti ne. Tun yana yaro abin da ya iya shi ne tsaron gida a ƙwallon ƙafa da kuma ƙwallon hannu. Yana ɗalibi a Kwalejin Horar da Malamai ta Musulmi da ke Legas, a ƙarshen shekarun 1970, makarantar ta tafi Sakkwato domin bikin wasannin kwalejojin malamai na ƙasa. Shi a tawagar ƙwallon hannu yake. Wani abokin karatunsa ne ya roƙi kocin ƙwallon kwando ya saka dogon yaron nan a cikin 'yan wasansa, aka kuwa amince. Kamar da wasa, ƙaramar magana ta zama babba.

Cikin ɗan lokaci ya shiga ƙungiyar matasa ta ƙasa. A 1980, a wata gasar matasan Afirka da aka yi a Angola, wani koci Ba'amurke mai suna Christopher Pond ya gan shi, ya haɗa shi da Guy Lewis, mai horar da 'yan wasan Jami'ar Houston. Labarin isarsa ya shahara: babu wanda ya je tarbarsa a filin jirgin sama, tasi ya hau ya kai kansa jami'ar. Shekarar farko bai buga gasa ba. A ta biyu daga benci yake shigowa. Abin da ya sauya shi shi ne atisayen da ya riƙa yi lokacin hutu a wani zauren wasa na birnin, inda yake karawa da Moses Malone, ɗaya daga cikin ƙarfafan 'yan wasan NBA na lokacin. Wanda ya saba kokawa da ƙato, ɗalibai 'yan'uwansa ba za su ba shi tsoro ba.

Zuwa kakar 1982 zuwa 1983, Houston ta zama dodo. 'Yan jarida sun laƙaba mata suna Phi Slama Jama, saboda yadda 'yan wasanta ke tashi sama su danna ƙwallo cikin kwando da hannu maimakon jifa daga nesa. Tana da Clyde Drexler da Michael Young da Larry Micheaux, ga kuma Olajuwon a tsakiya. Ta zo wasan ƙarshe ne bayan cin wasa 26 a jere, ita ce kuma ta ɗaya a jerin gwanayen ƙasar. A wasan kusa da na ƙarshe ta lallasa Louisville da 94 da 81, Olajuwon ya ci maki 21, ya kuma cafke ƙwallo 22 daga cikin waɗanda suka kuskure kwando. Mutane da yawa sun ɗauka cewa wancan ne ainihin wasan ƙarshe, na ranar Litinin cika ƙa'ida ne kawai.

NC State kuwa an doke ta sau 10 a wannan kaka. Da ƙyar ta samu shiga gasar, kuma wasanni da dama da maki ɗaya ko biyu ta tsallake su. Kocinta, Jim Valvano, mutum ne mai barkwanci da iya magana, amma ya san lissafin wasa.

Yadda ta leƙo ta koma

Wasan jami'o'i kashi biyu ne, kowanne minti 20. Tun a kashin farko al'amura suka fara cakuɗe wa Houston. Drexler ya yi laifi huɗu kafin hutun rabin lokaci, alhali na biyar shi ke fitar da ɗan wasa gaba ɗaya. NC State ta cunkushe gindin kwandonta da 'yan wasa, ta hana Houston hanyar kutsawa, aka tafi hutu tana gaba da 33 da 25.

Da aka dawo, Houston ta nuna ko ita wace ce. Ta ci maki 17 yayin da abokiyar karawarta ta samu 2 kacal, ta wuce gaba da 42 da 35. A nan ne Guy Lewis ya yanke shawarar da har ya rasu ana yi masa tambaya a kanta: ya umarci yaransa su rage gudu, su baje a fili, su riƙa miƙa wa juna ƙwallo don cinye lokaci.

Yana da hujja. Albuquerque na kan tudu, kimanin mita 1,600 sama da teku, wato ya fi Jos tsawo, iskar wurin kuma ba ta wadatar da wanda bai saba ba. An ga Olajuwon a benci yana shaƙar iskar oksijin. Ga Drexler da laifi huɗu a wuyansa. Sannan a gasar wannan shekarar babu agogon da ke tilasta wa ƙungiya yin jifa cikin ƙayyadadden lokaci, tana iya riƙe ƙwallo iya son ranta. Sai dai duk da haka, shawarar ta raba Houston da makaminta. Ƙungiyar da aka gina a kan gudu da tsalle ta koma yin abin da ba ta ƙware a kai ba.

Valvano ya san raunin Houston, wato jifan kyauta, wanda ake bai wa ɗan wasan da aka yi wa ƙeta ya tsaya shi kaɗai ya jefa ba tare da mai tare shi ba. Sai ya sa yaransa su riƙa yin laifi da gangan. Idan ɗan Houston ya ɓarar, ƙwallo ta dawo hannunsu. A ɗaya gefen kuma Dereck Whittenburg da Sidney Lowe suka shiga jefawa daga nesa tana faɗawa. Aka zo 52 da 52.

Saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, Valvano ya nuna wanda za a yi wa laifi: Alvin Franklin, ɗan ajin farko. Franklin ya jefa, ta ƙi shiga. NC State ta karɓe, ta nemi ɗan hutun shawara saura daƙiƙa 44, sannan ta shiga juya ƙwallo tana jiran jifan ƙarshe. Houston ta matsa mata lamba, har Benny Anders ya taɓa ƙwallon, kaɗan ya rage ya ƙwace ta ya ruga shi kaɗai zuwa ɗaya kwandon. Whittenburg ya tsince ta a nesa ƙwarai, kimanin mita tara daga kwando, ya wurga ta don kada lokaci ya ƙare a hannunsa.

Jifan bai kai ba. Olajuwon ya ɗan matso gaba daga gindin kwando, Lorenzo Charles kuma na tsaye a bayansa. Charles ya yi tsalle ya cafe ƙwallon a sama, ya danna ta ciki, agogo ya buga. Hoton Valvano yana gudu a fili yana neman wanda zai runguma, har yau tashoshin talabijin na Amurka na maimaita shi kowane watan Maris.

Olajuwon ya tashi da maki 20 da cafke ƙwallo 18. Babu ɗan wasan da ya kai shi a daren, kuma wannan shi ne abin da masu neman 'yan wasa suka riƙe.

Abin da ya biyo baya

Shekara ta zagayo, Houston ta sake kaiwa wasan ƙarshe a birnin Seattle, ta sake faɗuwa, wannan karon a hannun Georgetown da 84 da 75. Gwarzon Georgetown shi ne Patrick Ewing, haifaffen Jamaika, kocinta John Thompson kuma ya zama baƙar fata na farko da ya ci wannan kofi a matsayin mai horarwa. A watan Yunin 1984 ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauki Olajuwon a matsayin zaɓi na farko a NBA, Michael Jordan ya zo na uku. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya samu wannan matsayi.

Ya rama abin da Ewing ya yi masa bayan shekara 10, lokacin da Rockets ta doke New York Knicks ta ci kofin NBA na 1994. A 1995 ya sake ci, tare da tsohon abokinsa Drexler. Har yau shi ke riƙe da tarihin yawan tare jifa a NBA, guda 3,830, kuma tun 2022 kofin gwarzon mai tsaron baya na shekara sunansa yake ɗauke da shi. Musulmin Najeriya na tuna shi da buga wasa yana azumi, musamman a Fabrairun 1995, da aka zaɓe shi gwarzon wata alhali ana cikin Ramadan. Wani abu da ba ya yi wa wasu daɗin ji shi ne, lambar zinaren da ya ci a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, Amurka ya ciwo wa, domin ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar a 1993.

A ɓangaren dokoki, NCAA ta kafa agogon jifa na daƙiƙa 45 daga kakar 1985 zuwa 1986, ta biyo da layin maki uku a kaka ta gaba. Wasu na danganta wannan da wasan Albuquerque kai tsaye. Gaskiyar ita ce ƙorafi kan riƙe ƙwallo ya girmi wasan, har wasu rukunonin jami'o'i sun riga sun fara gwada agogon. Abin da za a iya cewa shi ne, da dokar na aiki a daren, da Lewis bai samu damar rage gudu haka ba, da NC State ma ba ta riƙe ƙwallo daƙiƙa 44 ba.

Valvano ya rasu a 1993 sakamakon cutar daji, ya bar gidauniyar da ke tara kuɗin binciken cutar. Lorenzo Charles ya rasu a 2011 a haɗarin motar bas da yake tuƙawa.

Babban gadon wasan a wannan nahiya shi ne yadda ya sauya tunanin masu horarwa a Amurka. Sun ga yaron da bai fi shekara biyar da fara taɓa ƙwallon kwando ba ya fi kowa a babban dandalin ƙasarsu, sai suka fara tambayar ko akwai irinsa nawa a inda ya fito. Dikembe Mutombo ya bar Kinshasa zuwa Georgetown. Yinka Dare, haifaffen Kano, ya buga wa Jami'ar George Washington, aka ɗauke shi a NBA a 1994. Michael Olowokandi, haifaffen Legas, ya zama zaɓi na farko a 1998. Emeka Okafor, wanda iyayensa 'yan Najeriya suka haifa a birnin Houston, ya ci kofin jami'o'in da Connecticut a 2004, ya kuma karɓi irin lambar da Olajuwon ya karɓa. A 2020 aka ɗauki haifaffun Najeriya biyu, Precious Achiuwa da Udoka Azubuike, a zagayen farko na zaɓen NBA.

Zariya, da darasin filin makaranta

A Arewa, cibiyar wannan wasa ta daɗe tana Samaru. Oliver Johnson, Ba'amurken da 'yan wasa ke kira Koci OBJ, ya shafe shekaru masu yawa yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya fara wasan yana ɗan shekara 13, wato a daidai shekarun da sunan Olajuwon ya fara cika duniya. Ujiri bai yi nisa a matsayin ɗan wasa ba. Ya yi karatu a wata ƙaramar kwaleji a jihar Dakota ta Arewa, ya buga wasa a Turai, sannan ya koma neman 'yan wasa. Daga nan ya hau har ya zama shugaban Toronto Raptors, wadda ta ci kofin NBA a 2019. Gidauniyarsa ta Giants of Africa, da aka kafa a 2003, ta yi alƙawari a 2021 na gina filaye 100 a faɗin nahiyar.

Labarin mutanen biyu ya haɗu a wuri ɗaya. Ba a wata makarantar koyon wasa mai tsada aka gano su ba. Filin makarantar gwamnati ne, da malamin wasanni mai lura, da gasar da ake yi a kan lokaci.

A nan ne batun ya iso kudancin Kaduna. Yankin ya daɗe da suna a harkar ilimin boko, tun zamanin makarantun mishan na Kagoro da Kwoi da Zonkwa. Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna da ke Gidan Waya ta faro ne a Kafanchan a ƙarshen shekarun 1970 a matsayin babbar kwalejin horar da malamai, kusan lokacin da ake wancan biki na Sakkwato. A yau Kafanchan na da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma, a 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a Kachia. Ta fuskar ƙungiyoyi, akwai Kada Stars a Kaduna da Plateau Peaks a Jos, wadda ta fi kusa da Kafanchan fiye da babban birnin jihar. Ɗalibai dai akwai su, makarantu ma akwai.

Abin da ya yi rauni shi ne tsanin da ke haɗa su. Kwalejojin malamai masu ba da takardar daraja ta biyu, irin wadda Olajuwon ya yi, an daina su tun da aka mai da takardar NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa, bikin wasanninsu kuma ya tafi tare da su. Akwai gasar NICEGA ta kwalejojin ilimi, da NIPOGA ta kwalejojin kimiyya da fasaha, da NUGA ta jami'o'i wadda aka fara a Ibadan a 1966. Bisa tsari, duk bayan shekara biyu ya kamata a yi NUGA. Amma bayan wadda aka yi a Makurɗi a 2017, sai a 2022 aka sake haɗuwa a Jami'ar Legas. Ɗalibi na iya shiga jami'a ya kusa fita bai ga gasar ko sau ɗaya ba. Ita kuwa ta Amurka, in ban da 2020 da annobar korona ta hana, ba ta taɓa tsallake shekara ba tun 1939. A matakin sakandare, gasar da Milo ke ɗaukar nauyi tun ƙarshen shekarun 1990 ita ce ta fi ɗorewa, kuma abin lura ne cewa kamfani ne ke riƙe da ita.

Ba maganar kuɗi masu yawa ba ce. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, kwandon kuma na rataye a mita 3.05. Filin ƙwallon ƙafa guda zai ɗauki irinsa fiye da 12. Daɓen siminti ne da turaku biyu da allo, abin da ƙaramar hukuma ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai za ta iya yi. Wanda ya fi wuyar samu shi ne malamin da zai zauna shekara da shekaru kamar yadda Johnson ya zauna a Samaru, kuma irin waɗannan malamai daga sassan koyar da ilimin motsa jiki na kwalejojin ilimi suke fitowa. Ya kamata a tuna da mata ma, domin ƙungiyar D'Tigress ce ta ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, ita ce kuma ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a Olamfik, a Paris a 2024.

Inda babu gasa ta gaskiya, dillalai ne ke cike gurbin. An sha samun rahotannin matasan Afirka da aka kai Amurka da alƙawarin gurbin karatu, suka tsinci kansu a makarantun bogi, babu takardu, babu kuɗin komawa. Iyaye su sani cewa jami'ar da ke son yaro da gaske ita ke biya masa, kuma NCAA na bincikar sakamakon jarrabawarsa ta sakandare kafin ta ba shi izinin buga wasa. Duk wanda ya ce a sayar da gona ko a rage wa yaro shekaru a fasfo, ba hanyar Olajuwon yake nunawa ba.

Jami'ar Houston ba ta sake kaiwa wasan ƙarshe ba sai ranar 7 ga Afrilun 2025, a birnin San Antonio, shekara 41 bayan karawarta da Georgetown. Ta yi gaba da maki 12 a kashi na biyu, Florida ta kamo ta, aka tashi 65 da 63. Tazarar maki biyu ce, kamar ta 1983, kuma a harin ƙarshe Houston ko jifa ba ta samu yi ba. Ɗan wasan tsakiya da Florida ta fara wasan da shi shi ne Rueben Chinyelu, haifaffen Najeriya, wanda ya koyi wasan a Legas, ya wuce makarantar horar da matasa ta NBA da ke Saly a Senegal kafin ya tafi Amurka.